Ina son in gina ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa saboda zafi, a ba ni shawara

Baban Ummi:
Slm 'yan uwa, dan Allah masana gini ku taimaka min. Ina da fili a bayan garin Gusau, a gangaren tudu yake, to zafin da muka sha a Afrilun bana a gidan hayar da muke ciki wlh ya isa, kwano ne ba silin, dare ya raba amma bango kamar an fito da shi daga tanda, ga wuta babu ga kuɗin mai ba a magana. Shi ne na ga bidiyon wani gari a Ostareliya, Kuba Pidi, inda mutane ke zama a cikin ƙasa ba esi ba fanka, na ce me zai hana in haƙa tudun nan in shigar da ɗaki biyu ciki sannan in rufe saman da ƙasa. Uwargida dai ta ce ita ba za ta shiga kabari da ranta ba. Zai yiwu a nan wajenmu kuwa?

Injiniya:
Wa alaikassalam Baban Ummi. Tunanin ba na banza ba ne, in ka nutsa mita biyu zuwa uku zafin ƙasa ba ya hawa da sauka kamar na iska, yana tsayawa ne kusa da matsakaicin zafin garin na shekara, a yankinku kuwa wajen digiri 27 zuwa 28 ne, ka ga ba sanyin firji za ka samu ba amma ranar da waje ya haura 40 ai sarauta kake. Sai dai garin da ka gani hamada ce, dutse suke sassaƙawa inda suke haƙar ma'adinin ofal, ruwan sama kuma ɗan kaɗan ne. Kai kuwa kana da ruwan Agusta. Ko Matmata ta kudancin Tunisiya da suke haƙa rami ya zama tsakar gida ɗakuna su zagaye shi, da aka yi mamakon ruwa a 1969 gidaje da yawa sun rufta, dole aka gina musu sabon gari a saman ƙasa. Sai kuma nauyi, jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kaurin santimita 30 ta haura kilo 500 a kan kowace murabba'in mita, dekin da ake zubawa na gama-gari ba a lissafa shi da wannan kayan ba, rodi da kaurin kankare duk sai an sake lissafi, bangon da ƙasa za ta jingina da shi kuma bulo mai inci shida ba zai riƙe ba, turo shi za ta yi a hankali har ya tsage. Kar ka bari a yi maka shi da ka.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai ina bayan uwargida. Kunama fa? Maciji fa? Ga yara. Mun taɓa zama a gidan da titi ya fi shi tudu, duk damina da bokiti muke kwana, kayan ɗaki duk suka yi funfuna.

Tsohon Magini:
Yaro, abin da kake nema a Ostareliya yana gidan kakanka. Soro mene ne in ba ɗakin da aka rufe da ƙasa ba? Tubali muke jerawa, gindin bango ya yi kauri sosai yana sirancewa zuwa sama, a shimfiɗa azarar giginya wadda gara ba ta cika damunta ba, a sa zana, a ɗora ƙasa, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa ko laso, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga, a fitar da indararo ya yi nisa da bango. Zafin rana kafin ya ratsa wannan kaurin, gari ya yi sanyi. Je ka Gidan Makama a Kano da azahar ka shiga ka ji. Illarsa guda, yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, ran da ka yi kasala ran nan ɗigo ya same ka a kan gado, shi ya sa mutane suka gudu zuwa kwano, ba don kwano ya fi daɗi ba. Azara ma yanzu ta yi wuya ta yi tsada.

Ɗan Damagaram:
Baba gaskiya ne zancen azara, shi ya sa nan Nijar tun wajen 1980 ake koyar da magina gini marar itace, rufin duka da bulon ƙasa ake lanƙwasa shi kamar baka ko ƙubba. A Burkina ma akwai ƙungiyar Voûte Nubienne, masu irin wannan rufin baka, da ta fara a Boromo a 2000, sun kai Mali da Sanagal da Benin da arewacin Gana, faɗin ɗakin ba ya wuce mita uku da 'yan kai, tsawo kuwa yadda ka so, in an gama bakan sai a cike gefuna, a shimfiɗa leda, a sake bin ta da ƙasa. Amma sai maginin da ya koya, wanda bai iya ba kar ya gwada a kanka.

Injiniya:
Na manta, in ka nace sai ka shiga tudun, to bango ɗaya kawai ka ba ƙasa, na yamma in gangaren ya ba da dama, don shi ke shan ranar la'asar. A shafe bayansa da kwalta, a sa leda mai kauri, a zuba tsakuwa da bututu mai huji a gindinsa ya kwashe ruwa zuwa gangare, daɓen ɗakin kuma ya fi tsakar gida tudu. Taga biyu masu kallon juna dole ne, da wata 'yar ƙarama can sama da zafi zai fita. Janareta da gawayi kuwa ko kusa, gubar da ke cikin hayaƙinsu a rufaffen ɗaki kisa take yi ba wari ba ƙara. Sokawe ma a kai shi ƙasan gangare.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na fasa haƙa ramin, uwargida ta ci nasara, yanzu haka dariya take min. Zan bari damina ta yi nisa in je in ga ta inda ruwa ke bi a filin tukuna. Baba, in na yi ɗaki ɗaya na soro a gwada, makubar nan har yanzu ana samun masu haɗa ta ko sai na sa an tara min ɓawon ɗorawa da kaina?

Tsohon Magini:
Ka sa a tara maka tun lokacin ɗorawa, in ta wuce sai baɗi. Kuma kwaɓin ƙasar a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa da ciyawarsa, kar lebura su yi maka na gaggawa.