Neman kalma: me za mu kira kominiyon ɗin da ba a sa maka a baki?

Litinin ɗin Ista, 13 ga Afrilu 2020, daga Jos

'Yan'uwa barkanmu da Ista, barkanmu kuma da zaman gida. Wani aiki ne ya faɗo mini, na juya shi na juya ya ƙi juyuwa, shi ne na ce bari in kawo shi gaban jama'a. Masu Hausa a baki, ku matso kusa.

Ni nake mayar da sanarwar cocinmu Hausa saboda Misar ƙarfe shida ta safe, wadda iyayenmu suka fi cikawa. Jiya da daddare Fada, wato limamin cocinmu, ya kira ni, ya ce in naɗi murya a waya a rarraba wa tsofaffi ta WhatsApp, in yi musu bayanin abin da Turawa ke kira "spiritual communion". Na ce, "To Fada, an gama." Sai da na kashe wayar na tuna cewa a cocinmu ban taɓa jin an kira abin da Hausa ba, don ba mu taɓa bukatarsa a sanarwa ba.

Ga bayanin a taƙaice, saboda 'yan'uwanmu na COCIN da ECWA da kuma Musulmi da ke karantawa. Mu Katolika mun gaskata cewa gurasar da firist ya keɓe a kan bagadi ta zama Jikin Kristi da gaske. Karɓarta muke kira Tarayya Mai Tsarki, ko da yake a bakin yau da kullum "kominiyon" kowa ke cewa. Yanzu ƙofar coci a rufe take saboda cutar korona. Tun daren Alhamis gwamnatin Gwamna Lalong ta kulle jiharmu ta Filato don feshin magani, Juma'a Mai Kyau da daren Ista duk a ɗaki muka yi su. Fada na yin Misarsa shi da yaro ɗaya mai taimaka masa, da waya a jingine jikin littafin waƙoƙi, mu kuma muna kallo in data ta yarda. Idan lokacin karɓa ya yi, sai na gida su yi wata addu'a: Yesu, na gaskata kana nan, ina sonka, tun da ba ni da halin karɓarka yanzu, ka shigo zuciyata. Sunan wannan nake nema.

Kuma ba korona ce ta kawo shi ba. Tun 1551 babban taron Ikilisiya na Trent ya raba masu karɓa gida uku: wanda ya karɓa a baki kawai zuciyarsa na wani wuri, wanda ya ci da muradi da rayayyar bangaskiya ba tare da ta taɓa harshensa ba, da wanda ya haɗa biyun. Addu'ar da aka fi yi kuwa ta Waliyyi Alfonsus Liguori ce, wani bishop ɗan Italiya da ya rasu a 1787. Tun 9 ga Maris ake nuna Misar Fafaroma Francis kai tsaye daga gidan Santa Marta kowace safiya, kuma a kan tsaya a yi irin wannan addu'a. Bakwai na safe a Roma yanzu shida ce a nan, daidai lokacin Misarmu ta Hausa. Ko wannan ya ishe ni mamaki.

Abin da ya sa nake gaggawa, kawuna ne. Jiya ya sa aka ajiye burodi da kofin zoɓo a gaban talabijin, ya jira firist ya ɗaga hannu, ya gutsura ya raba wa jikoki. Da 'yarsa ta gaya mini na kira shi. Ya ce, "Kai yaro, ranar 27 ga Maris da Fafaroma ya tsaya shi kaɗai cikin ruwan sama a filin Bitrus ya sa wa duniya albarka, ba ce mana aka yi albarkar ta kai har ga masu kallo a gida ba? To me ya hana ta kai ga burodina?" Wallahi sai da na yi shiru. Amsar dai ita ce albarka daban, keɓewa daban: firist na keɓe gurasar da ke gabansa a kan bagadi ne, ba ta cikin gilashi ba. Amma Kawu ba wawa ba ne. An bar shi da kalmar Turanci da ba ta gaya masa komai ba, shi kuma ya cike gurbin da abin da ke kicin.

To ku kawo shawara. Sharaɗi biyu ne: tsohuwar da ba ta yi boko ba ta ji ta gane, kuma kada kalmar ta sa wani ya sake ɗauko burodi.

Litinin da yamma

Kai, ashe mutane a ɗaure suke da magana! Na gode. Bari in bi su yadda suka zo.

Mafi yawanku kun ce "tarayya ta ruhu" ko "tarayyar ruhaniya". Ita ce ta fara zuwa mini ni ma, don ita ce fassarar kai tsaye, kuma "ruhaniya" ba baƙuwa ba ce a coci. Wani ɗalibin makarantar firistoci ta Waliyyi Agustin da ke nan Jos ya tsaya mata ƙwarai, ya ce ita ce za ta dace da littattafai. Ƙanena, na ji ka, amma ga damuwata. In ka ce wannan ita ce ta ruhu, mai sauraro zai tambaya, wadda muke karɓa a coci fa, ta ciki ce? Baturen da ya saba da kalmar tun yana yaro ba ya jin wannan tuntuɓen, mu da za mu ji ta karon farko za mu ji shi. Sannan wani malamin Hausa, Musulmi, maƙwabcinmu, ya tuna mini cewa a kunnen Bahaushe "ruhaniya" ba ta da nisa da "rauhanai". Ka ce wa tsohuwa ta rufe ƙofa ta yi tarayya da ruhu a ɗaki, sai ta dube ka sau biyu.

"Tarayya daga nesa": a'a. Wannan ta yi kama da sanarwar ma'aikatar lafiya. Kuma ba nisa ne ma'anar abin ba. Mutum na iya zama a benci na gaba, bagadi na gabansa, amma bai je ikirari ba, wato furta zunubansa gaban firist, ko aurensa bai daidaita a coci ba, shi ma wannan addu'ar zai yi. Wanda ba shi da talabijin ko waya kuma, yana gona, zai iya yinta.

"Jibin zuci", daga wata 'yar'uwa ta COCIN. Na gode Anti. Jibin Ubangiji kalma ce mai kyau, ta kuma daɗe a bakin Kiristocin Arewa. Sai dai jibi abinci ne, kuma abinci nake so in raba Kawu da shi. Wani ya riga ya yi ba'a a ƙasa cewa tun da aka fara kullen nan komai "jibi" ne, jibin kuma ba ya zuwa.

Amma "zuci" ɗin ta daɗe tana yi mini yawo a kai. "Karɓa a zuci", gajeriya ce, tana da daɗin faɗa, kuma addu'ar kanta zuciya ta ambata. Na kusa tsayawa a nan. Abin da ya hana ni shi ne 'yan'uwanta: zancen zuci, saƙar zuci. Duk abin da Bahaushe ya jingina wa zuci a irin wannan gini, to abu ne da mutum ke ƙullawa shi kaɗai, babu shi a zahiri. Koyarwar kuwa cewa take alheri na gaske ake samu, Kristi ne ke zuwa, ba kai ke ƙirƙiro shi ba.

Wata ta ce "tarayyar marmari". Ma'anar ta kusa sosai. Sai dai kayan marmari lemo ne da mangwaro, abin da ake ci don daɗi ba don yunwa ba. Ga kuma "marmari daga nesa" na jiran mai tsokana.

Talata da safe

Malam maƙwabcina ya sake leƙo ni ta kan katanga, kowa a tsakar gidansa, ya kawo abin da ya hana ni barci. Ya ce, "Ai abin naku taimama ne. Babu ruwa, ka bugi ƙasa, Allah ya karɓa." Su ma abin ya shafe su, ga azuminsu na ƙaratowa ba su san yadda tafsiri da asham za su kasance ba.

Kwatancen ya burge ni, don ya kama wani gefe daidai: hanya ce da aka buɗe wa wanda aka hana, ba wanda ya ƙi ba, kuma da ruwa ya samu taimama ta warware. Haka nan ranar da aka buɗe coci, babu mai cewa ya yi tasa a gado. Amma na ce masa, "Malam, ranka ya daɗe, akwai inda suka rabu." Mai taimama sallarsa ta cika, ba a binsa bashin alwala. Mu kuwa wanda ya yi wannan addu'a bai karɓi sakramenti ba, ya sani bai karɓa ba, kuma wannan rashin yana cikin addu'ar kanta. Ban da haka, kalmar tana da masu ita. A garin nan da muka san abin da ƙaramar magana ke iya haifarwa, ba zan ɗauko kalmar ibadar wani in sa a sanarwar coci ba. Ya yi dariya ya ce to ya ba ni aron kwatancen, kalmar ya riƙe abarsa.

Abin lura: babu wanda ya kira taro kafin "kulle" ta zama sunan wannan zaman da muke yi, ko "takunkumi" ya tashi daga bakin dabba ya koma fuskar mutane. Tsofaffin kalmomi ne aka ɗora wa sabon kaya suka ɗauka. Wannan ya sa na daina ƙoƙarin fassara, na kira Baba Katikis, mai koyar da addini a coci.

Baba mutumin ƙasar Shendam ne, inda firistocin Katolika suka fara kafa mishan a 1907. Na tambaye shi, "Baba, a ƙauyukanku da can, da Fada ba ya zuwa sai bayan watanni, me kuke yi ranar Lahadi?" Ya ce katikis ke buga ƙarfe, a karanta Bishara, a yi rozari, in an zo wurin karɓa sai kowa ya durƙusa a yi shiru. Na ce me kuke kiran shirun? Ya ce, "Ba mu sa masa suna ba, ɗana. Begen Jikin Yesu kawai muke yi."

Na ce Baba sake faɗa.

Bege. Ku duba kalmar nan da kyau. A tsohuwar Hausa bege shi ne kewar wanda kake ƙauna ba ya kusa, irin wanda ke sa mutum waƙa. Musulmi na da begen Annabi, kowa ya san nauyinsa. A bakin Kiristan Arewa kuma bege shi ne na tsakiya a cikin ukun nan, bangaskiya, bege da ƙauna, wato sa zuciya ga abin da aka yi maka alkawari. Kalma ɗaya ta riƙe kewa da sa rai. Kuma in kun koma kan abin da Trent ya faɗa, ci ne da muradi. Ba wanda ke begen abin da ke hannunsa, saboda haka kalmar da kanta tana gaya wa Kawu cewa babu abin gutsurawa. Ba kuma a begen abin da babu shi, saboda haka ta tsere wa matsalar zuci.

Shawarata: Tarayyar Bege.

Talata da daddare

Ƙorafi biyu sun shigo, duka masu ma'ana.

Matasan ƙungiyar mawaƙan coci sun ce "tarayyar bege" ta yi kama da sunan fim ɗin soyayya, wani ma ya ƙara da cewa "tarayya" kanta tana da wata ma'ana tsakanin mace da namiji. Na sani. Tana kuma nufin gwamnatin Abuja, amma ba wanda ya taɓa jin "Tarayya Mai Tsarki" ya tuna da minista. Wurin da aka faɗi kalma shi ke tsare ta. Game da soyayya kuwa, ku karanta addu'ar Alfonsus ɗin ku gani, mutumin cewa yake yana rungumar Yesu kamar ya riga ya iso, yana roƙon kada a raba su. In kalmar ta ɗan yi ƙamshin ƙauna, daga can ta ɗauko.

Ɗalibinmu kuma ya ce duk wanda ya san Turancin ba zai gane cewa abu ɗaya ake nufi ba. Gaskiya ne. Shi ya sa a rubuce, karon farko, za a iya cewa "Tarayyar Bege, wato tarayya ta ruhaniya", daga nan a ci gaba da gajeriyar. Na ba ka littafi, ka bar mini Misar shida.

Na gwada ta a jimla, don kalmar da ba ta shiga jimla ba ta mutu: "Mu yi Tarayyar Bege." "Mama, kin yi Tarayyar Begenki yau?" "Marasa lafiya da ke gida su yi Tarayyar Bege." Ta zauna. Na kira shugabar Zumuntar Mata na faɗa mata ba tare da wani bayani ba, na ce Mama me kika fahimta? Ta ce, "Wato mu karɓe shi da kewa ke nan, kafin a buɗe." Na tura wa Fada, ya amsa da cewa in naɗa, zai saurara, in ya ga dama ya kai wa sabon Babban Bishop ɗinmu Matthew Audu, wanda shi ma a cikin wannan hali aka naɗa shi ƙarshen watan jiya.

Ga abin da zan faɗa a muryar gobe, mai gyara ya gyara kafin ƙarfe tara:

"Iyayena, idan kun ga Fada ya ɗaga Jikin Kristi ya karɓa, ko kuma in ba ku da abin kallo, idan kun idar da rozari, kada ku ɗauko burodi ko abin sha. Ku durƙusa, mai ciwon gwiwa ya zauna. Ku gaya wa Yesu kun gaskata yana nan, kuna begensa, ya shigo zuciyarku tun da ba ku da halin zuwa bagadi. Sai ku yi shiru kaɗan. Wannan ita ce Tarayyar Bege."

Kawu na fara tura wa. Ya ce ya ji, ya yarda, amma zoɓon ranar Ista da ya rage a firji fa, a sha ko a zubar? Na ce a sha Kawu, zoɓo ne.