Azna, Arna ko Maguzawa? Musayar Baitoci daga Tawa

Ba'adare: Assalamu alaikum. Jiya a kasuwar dabbobi ta Tawa na ji wani dillali ya kira mai rago "arne" don kawai ya ƙi sallamawa, ga shi kuma ana cewa arne mai bautar gunki ne, shi ya sa na kawo tambayata a waƙe. Amsa-amon "na" ne.

Malamai, ga ɗalibi ya zo da tambaya,
Ku warware mini asalin wannan suna.
Mu a Adar Azna muka taso muna ji,
Maraɗi su ce Anna, Kano su ce arna.
Shin su ne Maguzawan da ake faɗi,
Ko kowace kalma da inda ta kwana?

Malamin Ƙonni:

Ɗana, Bamaguje daga Majusi ya fito,
Mutan Farisa masu girmama wuta dare da rana.
Suratul Hajji, aya ta 17, ta ambace su
Tare da Yahudu da Nasara, buɗe ka tuna.
Manzo ya karɓi jiziya ga Majusawan ƙasar Hajar,
Malaman Hausa suka yi ƙiyasi da wannan sunna:
Wanda bai yi salla ba amma ya biya,
A bar masa gidansa, a bar masa gona.

'Yar Arewa:

Allah gafarta Malam, kakata ta ce
Wani Bama ne ya guje wa salla, Bamaguje ya zama suna.

Malamin Ƙonni:

'Yata, wannan hikaya ce ta bakin murhu,
Daɗinta a kunne, amma ba hujja ba ce wurina.

'Yar Arewa:

Na karɓa, Malam, sai dai batun gunki
Ban yarda a ɗora shi kai tsaye ga Azna.
Iskoki suke wa yanka a gindin tsamiya,
Jan zakara ko baƙar akuya, kafin a shiga gona,
Kuma in ka tambaye su wa ya yi sama,
Allah za su ce maka, ba su musun wannan magana.
A Masalata, kusa da ku, ana buɗa arwa
Don a ji yadda damina za ta zauna.
A Lugu kuwa Sarauniya Mangu ta tare Faransawa
A 1899, kuma da Azna ta yi wannan rana.
Sunan masu ƙasa ne, waɗanda aka tarar,
Kafin a mai da shi zagi mai ƙuna.

Malamin Ƙonni:

Kin yi gaskiya kan tarihi, amma a shari'a
Yanka ga wanin Allah shirka ce, nassi ya nuna.
Mai yin sa mushiriki ne, ko da gunki ko babu,
Kalmar aƙida ce, ba ta bin dangi ko launi ko suna.

Ba'adare:

Na gode, Malam, na gode, Yaya.
Mai ragon nan da aka kira da sunan arna,
Da aka kira azahar sahu ɗaya ya tsaya da dillalin,
Kafaɗa da kafaɗa, a kan idona.