Neman shawara: makarantar cocinmu tana neman fin ƙarfin 'ya'yanmu

Maman Biyu: Salama gare ku 'yan'uwa. Ni ke wakiltar Zumuntar Mata a kwamitin ikilisiyarmu ta Katolika a kudancin Kaduna. Muna da firamare a harabar coci, iyayenmu ne suka gina ta da aikin gayya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, malamanmu suna ta tafiya, domin abin da muke biya bai kai mafi ƙarancin albashi na N70,000 ba. Fada, limamin cocinmu, ya ce ko a ƙara kuɗin makaranta ko a rufe wasu azuzuwa. Ko yanzu ma yawancin yaran 'ya'yan ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga cikin gari, har da Musulmi, muna kuwa maraba da su. Amma 'yar matar da ke share mana coci makarantar gwamnati take zuwa, kullum ta ƙofar tamu take wucewa. Wannan abu yana ci mini rai. Za mu zauna bayan Misa ranar Lahadi. Me zan ce?

Tsohon Katikis: 'Yata, sannu da ƙoƙari. A zamaninmu ɗaki ɗaya ne coci da makaranta: Litinin zuwa Juma'a aji, Lahadi a jawo bencina a yi addu'a, sau da yawa malamin ajin shi ne katikis, mai koyar da addini a coci. Ta makaranta Fada-fadan SMA, wata ƙungiyar mishan ta Katolika, suka shiga ƙauyukanmu. Amma a tuna, a wancan lokaci gwamnati tana ba makarantun mishan tallafi, kuɗi yana zuwa daga Turai, sistoci kuma ba don albashi suke koyarwa ba. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun, St. John's ta Kaduna ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Queen Amina. Waɗanda muka gina daga baya, kuɗin iyaye kaɗai ke riƙe da su. Don haka kada a ce Fada ya cika son kuɗi. Sai dai ki faɗa musu a fili, idan 'ya'yan ikilisiya suka ƙare a makarantar, nan gaba ba wanda zai ɗauki bulo ya gyara ta.

Malama mai ritaya: Maman Biyu, a ƙara kuɗin. Na koyar a irin wannan makaranta, na san yadda ake ce wa malami "aikin Allah ne, yi haƙuri" har ƙarshen wata ya wuce. Shi ma yana da iyali da kuɗin haya. Masu hali daga cikin gari za su biya, don tarbiyya da karatu suka kawo yaransu. Abin da za ki nema shi ne a ware wani kaso na ƙarin don 'ya'yan marasa ƙarfi, a rubuta shi, kada ya tsaya a baki.

Baban Talatu: Ni dai kada a taɓa baikon Lahadi. Ƙananan majami'unmu na ƙauye wasu rufinsu yoyo yake, su ma suna kawo nasu. Kafin a yi maganar ƙari, shugabar makaranta ta kawo lissafin shiga da fita gaban kwamiti. Mutane ba sa ƙin bayarwa in sun ga inda kuɗi yake tafiya.

Ɗan'uwanku daga Zariya: A Anambra gwamnatin Peter Obi ta mayar wa coci-coci makarantunsu a 2011, ta kuma ci gaba da biyan albashin malamai. Irin wannan ne zai sauƙaƙa mana, amma magana ce ta Bishop da gwamna, ta fi ƙarfin kwamitinku. Ga abin da muka yi a namu. Ranar godiyar kaka, Zumuntar Mata suna ware buhunan masara da waken soya, a ajiye sai farashi ya tashi a sayar, kuɗin ya shiga asusun karatu. Mun yarda iyaye su riƙa biya kaɗan-kaɗan ranar kasuwa. Sunayen yaran da ake taimaka wa kuwa Fada da katikis kaɗai suka sani, domin babu uban da ke son a kira sunan ɗansa a sanarwar coci a ce ya kasa. Ku nemi tsofaffin ɗalibanku da ke Kaduna da Abuja, kowa ya ɗauki yaro ɗaya.

Maman Biyu: Na gode, Allah ya saka. Baba Katikis, maganarka zan fara da ita. Zan nemi a kawo lissafi tukuna, sannan in goyi bayan ƙarin da sharaɗin asusun. Ɗan'uwa na Zariya, wa ke riƙe da kuɗin a wurinku, Fada ko Zumunta? Kuma mutum nawa ke sa hannu kafin a cire?