"Na gyara" ko na zare sakata? Rigimar firinta a zauren masu kula da kwamfutocin ofis

Mai Sabar: Salamu alaikum. Wallahi na gaji. Ofishinmu ya sayi sabbin firinta uku, na ɗora su a sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, na tura wa kwamfutocin ma'aikata ta Group Policy, hanyar tura saiti ga kwamfutoci da yawa lokaci guda, kamar yadda muka saba. Duk wanda ya zo buga takarda sai ta nemi kalmar sirrin admin kafin direban, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, ya shiga. Ranar biyan albashi sau bakwai akanta yana kira na, ina hawa bene ina sauka da jerin sunaye a hannu. Jiya dai na gyara. Na mayar da RestrictDriverInstallationToAdministrators, saitin da ke hana kowa sa direba sai admin, zuwa 0 a rejistirin Windows, wato na kashe shi, na tura wa kowa, yau shiru kake ji. Abin da nake cewa shi ne, Microsoft ba ta damu da ƙananan ofisoshi irin namu ba, ko kaɗan.

Ɗan Tsaro: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah janye kalmar "gyara". Sakata ka zare. A watan Agustan 2021 aka sa wannan makullin, bayan PrintNightmare, ramin tsaron da aka gano a tsarin buga takardu na Windows. Print Spooler, ɓangaren Windows mai kula da buga takardu, da ikon SYSTEM yake aiki, wato cikakken iko a kan na'ura, duk wanda ya cusa masa gurɓataccen direba ya mallaki kwamfutar kacokan. Microsoft da bakinta ta ce mayar da shi 0 yana barin na'ura a buɗe.

Mai Sabar: Takarda ta fito ko ba ta fito ba? Ta fito. A garinmu wannan shi ne gyara.

Ɗan Tsaro: Wanda ya cire ƙofar ɗaki don makulli ya ɓata, shi ma ya shiga ɗakin ai.

Hajiyar Netwok: Ni ban ga laifin kalmar ba. Gyara iri biyu ne, akwai na yau, akwai na dindindin. Amma ƙanena, da ka fara zuba direban a kwamfutocin da pnputil, umarnin Windows na zuba direba, ta rubutun da ke tashi tare da na'ura, da ba ta tambaye ka komai ba. In direba iri ɗaya da na sabar yana ciki, haɗawa kawai take yi. Ko a ƙalla ka ƙayyade mata sabar da za ta yarda da ita a Point and Print, tsarin da kwamfuta ke ɗauko direba daga sabar da shi.

Ɗan Tsaro: Hajiya, da girmanki, babu "gyara na yau". Ko an gyara ko ba a gyara ba.

Tsohon Injiniya: Mu da muka fara tun zamanin Server 2003, abin da ya yi aiki shi muke kira gyara. Yaran yanzu kun haddace turancin tsaro, amma ba ku taɓa tsayawa gaban oga yana jiran takardar kwangila ba.

Ɗan Tsaro: Baba, wa kake kira yaro? Shekarata 9 a aikin nan.

Tsohon Injiniya: Ban ambaci suna ba. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Ɗan Linux: Duk wahalar banza ce. Ku sa CUPS, tsarin buga takardu na Linux, ku huta.

Ɗan Tsaro: CUPS ɗin da aka bankaɗo ramukansa a Satumban 2024, ta cups-browsed, ɓangarensa mai neman firinta a netwok, da tashar netwok ta 631? Kowa da nasa ciwon.

Ɗan Linux: Wancan kwana nawa ya yi aka toshe? Naku fa har yau kuna kuka da shi.

Hajiyar Netwok: Ku dawo kan magana mana. Direba nau'i na 4, wanda ya zo bayan tsohon nau'i na 3, ba ya neman admin. Matsalarsa, sau da yawa zaɓin tire da na maƙala takardu ba sa fitowa a wajen ma'aikaci, ni ta faru da ni a babbar firintarmu ta hawa na biyu, sai da na koma nau'i na 3.

Shugaban Zaure: Universal Print, hidimar Microsoft ta buga takardu ta intanet, ce mafita. In firintar tana aiki da ita kai tsaye, babu sabar, babu direban kamfani, ka tura ta Intune, manhajar Microsoft ta kula da kwamfutoci daga nesa, ka kwanta.

Mai Sabar: Ranka ya daɗe, da wane kuɗin lasisi? Kuma ranar da intanet ta ɗauke, firinta tana gabanka amma takardar sai ta je gajimare, wato sabar Microsoft a intanet, ta dawo? Toner ma sai mun kai an cika mana.

Tsohon Injiniya: Cikon toner shi ke kashe firinta, ba direba ba.

Ɗan Linux: Wannan ƙarya ce ta masu sayar da sabo.

Tsohon Injiniya: Ni kake ƙaryatawa? To madalla.

Mai Sabar: Jama'a, ni kan Microsoft na yi magana, babu wanda ya ba ni amsa.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita. An yi ittifaƙi cewa abin da Mai Sabar ya yi ba gyara ba ne, kuma zamanin sabar firinta ya wuce. Mafi rinjaye sun karkata ga Universal Print, musamman ganin cewa tun 2023 Microsoft ta sanar za ta daina rarraba sababbin direbobin kamfanoni ta Windows Update. Maganar CUPS ba ta samu karɓuwa ba. Ɗan Linux, ka ba Baba haƙuri kafin gobe. Na rufe zauren zuwa ƙarfe 8 na safe.