Gasata ta farko a harbin fistol: a kan me zan fi mai da hankali?

Abu_Safwan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi rajistar shiga gasar harbi irin ta dokokin IPSC, wato ƙungiyar wannan wasa ta duniya, matakin kulob, kuma ita ce ta farko a rayuwata. Ranar sai matsowa take yi, ni kuwa cikina sai ɗurar ruwa yake.

Riƙe bindiga ba baƙon abu ba ne a wurina. Ina da lasisi, na daɗe ina zuwa filin harbi, in tsaya wuri ɗaya in saita kwali a nitse, kuma harbina yana taruwa ba laifi. Amma wannan wasa daban ne. Za ka zaro bindiga daga kube, ka yi gudu da ita, ka sauya gidan harsashi kana tafe, agogo kuma yana ƙirga maka. A filin da nake zuwa ko zarowa daga kube ba a yarda a yi ba.

Kayan da nake da su: Glock 17 mai cin 9mm, gidan harsashi guda 3, kube na yadi mai laushi, bel irin na wando, tabarau da abin toshe kunne. A rukunin Production, wato na bindigogi kusan yadda suka fito daga kamfani, na sa sunana. Sun isa, ko sai na ƙara? Sannan a ɗan lokacin da ya rage, saurin zarowa zan ta gwadawa a gida ko me? Na kalli bidiyon gwanaye, kafin ka kifta ido sun gama, har na fara tunanin kunya kawai zan je in sha.

Baban_Hindatu:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka daina kallon bidiyon nan tukuna, ba su ne abokan takararka ba. Aikinka a ranar farko guda ɗaya ne: ka harba harsashinka na ƙarshe a zango na ƙarshe (gasar kashi-kashi ce, kowane kashi zango ne) ba a kore ka ba. Na sha tsayawa da agogo a bayan sababbi, ban taɓa jin an yi wa wani dariya don ya yi nawa ba. Wanda ake tunawa shi ne wanda bakin bindigarsa ya waiwayo jama'a.

Tun daga wurin ajiye mota dokar take farawa. Bindiga tana cikin jakarta, babu harsashi a cikinta, kuma ba ka taɓa ta ko'ina sai a wuri biyu: teburin da aka keɓe don haka, ko kan layi bayan alƙalin fili ya ba ka umarni. A wannan teburin kuwa harsashi ne ba a taɓawa, ko da na gwaji ne wanda babu albarushi a ciki. Gidan harsashinka ka loda shi a duk inda ka ga dama, ban da nan. Mutum zai iya rasa gasarsa a wannan tebur tun bai yi harbi ko ɗaya ba.

Sai bakin bindiga. Ka ɗauka an ja layi daga kafaɗarka ta dama zuwa ta hagu, daura da tudun ƙasar da ke tare harsashi. Bakin bindiga ba ya wuce wannan layin zuwa baya, ko da na daƙiƙa guda. 'Yan USPSA, ƙungiyar wasan ta Amurka, suna ce mata dokar 180, a littafin IPSC kuma digiri 90 ne ta kowane ɓangare, duk abu ɗaya. In kai badame ne, ka kula da lokacin da kake tafiya hagu kana sauya gidan harsashi. Hannu da kansa yake karkata bindigar zuwa hagu don ka ga ramin da gidan yake shiga, jikinka ma ya riga ya juya can, kafin ka ankara ka ƙetare. Haka in zango ya sa ka komawa da baya: jiki ne yake juyawa, hannun da ke riƙe da bindiga ya tsaya a miƙe yana kallon gaba, kamar kana jan akuyar da ta ƙi tafiya.

Yatsa kuma ba ya shiga wurin kunama sai idonka yana kan abin da za ka harba. Kana tafiya, kana sauya gidan harsashi, bindiga ta cije kana gyarawa, duk yatsa a waje. Kuma ka ɗaga shi sama sosai ya kwanta a jikin bindigar, yadda alƙali zai gani daga inda yake. In ka lanƙwasa shi kusa da kunama, kai ka san bai taɓa ba, shi bai sani ba, kuma abin da ya gani da shi zai yi hukunci. Kada bakin bindiga ya gitta ta kan jikinka, musamman hannun hagu lokacin buɗe ƙofa ko mayar da ita kube. In ta faɗi ƙasa, kada ka sunkuya. Tsaya cak ka kira alƙali, shi zai ɗauka.

Wannan ya kawo ni kan kubenka. Na yadi mai laushi ka ajiye shi. Bakinsa yana rufewa da zarar ka zaro, sai ka ga mutum yana buɗa shi da hannun hagu yana cusa bindiga mai harsashi ta kan yatsunsa. Nemi mai tauri da aka yi wa Glock 17 takanas, wanda ya rufe kunama ruf kuma yake riƙe bindigar ko ka yi tsalle. Bel ma mai kauri, wanda ba zai lanƙwashe da nauyi ba. Sauran kaya kada ka kashe kuɗi tukuna.

Umarnin alƙali da Turanci yake a littafin IPSC, kalmomin kuma ba sa canzawa, sai ka haddace su. Zai ce ka loda ka shirya. Zai tambaya ko ka shirya, in ka yi shiru ya ɗauka e ne. Zai ce "Standby", wato ka zauna cikin shiri, sai ƙarar agogo ta biyo cikin daƙiƙa 1 zuwa 4. In ka ji "Stop", ka daskare, yatsa a waje, bindiga tana kallon gaba.

Inda na fi so ka nitsu shi ne ƙarshe. Ka gama harbi, zuciya tana bugawa, hannu yana rawa, sai ya ce ka sauke harsashi ka nuna masa babu komai. Agogo ya riga ya tsaya tun harbinka na ƙarshe, babu abin da kake wa sauri. Fara cire gidan harsashi. Sannan ka ja saman bindigar baya, harsashin da ke ciki ya fito, ka bar shi ya faɗi, kada ka bi shi da hannu. Leƙa da idonka, ka bar shi ma ya leƙa. Sai ya ce in babu komai ka danna kunama ka mayar kube. Ka lura da "in" ɗin nan: nauyin a wuyanka yake. Wanda ya juya tsarin, ya ja sama kafin ya cire gidan, ya sake ɗora wani harsashin bai sani ba. Ya danna kunama, ta tashi, gasarsa ta ƙare.

Saboda haka abin da za ka yi a gida ba tseren zarowa ba ne. Fitar da duk harsashi daga ɗakin, duba bindigar sau biyu, fuskanci bangon da ka tabbata babu kowa a bayansa. Zaro a hankali, mayar a hankali. Yi tafiya dama da hagu da baya kana kallon yatsanka da bakin bindigar. Maimaita saukewar nan har hannunka ya riƙe ta ba tare da tunani ba.

Kuma da ka isa ka gaya wa alƙali yau ce ranarka ta farko. Zai sa ka can ƙasa a jerin masu harbi don ka ga yadda wasu suke yi.

Maman_Ilham:

Yaya Baban_Hindatu ya gama magana a kan tsaro, ba ni da abin ƙarawa. Amma ɗan'uwa, ka san yadda ake lissafin maki kafin ka je, don shi zai nuna maka irin saurin da ya dace da kai.

Kowane kwali harbi biyu mafi kyau ake ƙirgawa. A Production tsakiya, wato A, maki 5 ne, C da ke kewaye da shi maki 3, D na can gefe maki 1. Farantin ƙarfe maki 5, amma sai ya faɗi. Kuskure kuwa ana cire maka 10, ga kuma 5 ɗin da da ka samu, ka ga asarar 15 ke nan a harsashi ɗaya. Harbin kwalin da aka hana taɓawa ma 10 ne, haka taka waje da layin katako kana harbi. Daga nan a raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɗauka.

Ɗauki zango mai kwali 8, maki 80. Ka sa duka a A cikin daƙiƙa 25, ka samu 3.2. Wani ya yi daƙiƙa 20, ya samu A goma, C huɗu, ya kuskure biyu: 62 a cire 20, saura 42, a raba da 20, ya tashi da 2.1. Ya fi ka ƙara da ƙura, ka fi shi maki. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Inda na ɗan saba da masu cewa "yi komai a hankali" shi ne nan. Wanda ya samu maki 70 cikin daƙiƙa 16 ya haura 4.3, ya wuce ku duka. Taken wasan tun da aka kafa IPSC a 1976 a Kolombiya ta jihar Mizuri, Jeff Cooper yana shugabanta na farko, abu uku ne: daidaito, ƙarfi, sauri. Ku masu fitowa daga harbin tsayuwa kuna da ɗabi'ar tsayawa kuna lallaɓa saiti a kan kwalin da ke mita 5 kamar yana mita 25. Da ka ga saitinka a cikin A, danna. Kuma kada ka sauke bindiga kana leƙen rami bayan kowane harbi, a nan lokaci yake zubewa.

Gidan harsashi 3 ya yi kaɗan. A Production na IPSC 15 kawai za ka zuba ko da naka yana cin 17, dogon zango kuma yana kai harbi 32. A lissafi 45 ya isa, amma ana sauyawa ne lokacin tafiya daga wuri zuwa wuri, a yar da gida da sauran harsashi a cikinsa. Samu 4, in da hali 5, ko aro ne.

Injiniya_MB:

Nawa ɗan kaɗan ne, a kan harsashi. Akwai ma'aunin ƙarfi: nauyin kan harsashi a giren (ƙaramin ma'aunin nauyi ne), sau gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1000. Mafi ƙaranci 125. Mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1050 ya ba da 130, ya wuce. Mai giren 115 da ke gudun 1080 ya tsaya a 124, ya faɗi, kuma wanda ya faɗi zai yi harbinsa amma makinsa ba ya shiga sakamako. A gasar kulob ba kasafai ake aunawa ba, an fi yi a manya. Na kamfani na yau da kullum galibi yana wucewa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci: kada ka zo da samfurin da bindigarka ba ta taɓa ci ba. Ka duba adadin harbin da aka sanar, ka zo da shi da ƙarin rabinsa a kai, don faranti yana ƙin faɗuwa kuma akan sa mutum ya maimaita zango in wani abu ya lalace.

Abu_Safwan:

Allah ya saka da alheri, Yaya, Hajiya, Injiniya. Kube na yi odar mai tauri, gidan harsashi kuma wani abokina zai ara mini biyu. Saura abu ɗaya da yake damuna. Na ga zangon da kwalaye suke ɓoye a bayan shinge, wani ana ganinsa ta taga biyu. Yaya ake yi mutum bai manta wani ba, ko ya harbi ɗaya sau biyu?

Baban_Hindatu:

Kafin a fara kowane zango za a karanta muku bayaninsa: kwali nawa, faranti nawa, harbi nawa, a ina ake tsayawa, hannuwa a ina. Saurara da kyau, sannan a ba ku 'yan mintuna ku zaga ciki hannu wofi. Abu na farko, ƙirga kwalayen da idonka har lissafinka ya yi daidai da abin da aka karanta. In an ce 12 ka ga 11, akwai wanda ya ɓuya, nemo shi. Wanda aka manta yana da tsada: kuskure biyu, ga tarar rashin harbinsa a kai.

Sannan ka raba su wuri-wuri: a nan uku, a taga biyu, a kusurwa huɗu. Wanda ake gani ta wuri biyu ka yanke masa wuri ɗaya tak. Sauyin gidan harsashi ka sa shi a tsakanin wurare, kada ka bari bindiga ta ƙare kana tsaye. Zaɓi tsari mafi sauƙi, ko da ya fi na wasu tsawo da taku biyu, ka rufe ido ka bi shi a ranka har sau da yawa. Za ka ga wani gwani ya bi ta wata hanya da ta fi taka kyau ana saura mutum ɗaya a kira ka. Kada ka canza.

In ba kai ne mai harbi ko mai bi masa ba, da an ce fili ya zama lafiya ka ɗauki takardar liƙi ka shiga tare da jama'a, ana toshe ramuka ana ta da faranti. Sai dai kada ka liƙe ko taɓa kwali kafin alƙali ya faɗi makinsa a rubuta, in ba haka ba ka jawo wa mutum maimaici. Ka tsaya a bayansa, ya wuce kwali, ka liƙe. Naka makin kuma ka duba shi da lokacin kafin ka sa hannu, don bayan ka amince gyara yana wuya.