Giyar roba da aka buga a firinta: za ta yanka tiredi daidai kuwa?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Assalamu alaikum masana. Ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe ne ƙirar China, irin 7x14 ɗin nan, doguwar sandarsa mai jan wuƙa tiredi 16 ce a inci guda (tiredi shi ne zanen murɗa irin na cikin noti). Giyar canji mai haƙora 40 ta zubar da haƙora uku, kuma ana buƙatar ƙarin wata domin yanka tiredin milimita. Ramin giyoyin milimita 12 ne, kaurinsu 8, gurbin ki 3 (ki shi ne ɗan ƙarfen da ke kulle giya a kan sandarta). Akwai firintar 3D a hannu, nozul ɗinta, wato bakin da roba ke fita, milimita 0.4 ne. Idan aka buga giyoyin da ita, tiredin zai fito daidai har noti ya hau? Wace roba ta dace, kuma yaya za a gane giyar ta yi kyau kafin a ɗora ta?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tiredinka zai fito daidai, domin yawan haƙora ne ke ƙayyade tazarar tiredi, ba santsin haƙoran ba. Giya mai haƙora 40, ta ƙarfe ce ko ta roba, duk zagaye ɗaya haƙora 40 za ta tura, ba 39 da rabi ba. Saboda haka kuskuren firinta ba ya taruwa yana ƙaruwa da tsawon aiki. Abin da yake jawowa shi ne giyar ta ɗan yi gaba ta ɗan yi baya a cikin zagaye guda, sannan ta dawo inda ta tashi.

Mu yi lissafi. A ce ramin ya kauce daga tsakiya da milimita 0.1, wanda ga bugun gida ba abin mamaki ba ne. Giyoyin wannan injin modul 1 ne, wato kowane haƙori milimita ɗaya yake ƙara wa faɗin giya, don haka daga tsakiyar mai haƙora 40 zuwa inda haƙora ke cizon juna milimita 20 ne. Kaucewar za ta sa juyin ya yi gaba ko baya da kusan digiri 0.3. Sandarka kuwa zagaye cikakke, digiri 360, milimita 1.5875 kawai take jan wuƙa. Idan giyar a kan sandar take, kuskuren da zai isa bakin wuƙa bai wuce milimita 0.0013 ba. Lanƙwasar wuƙar kanta da wasan boris sun fi haka nesa ba kusa ba.

Batun milimita, asalin giyar ita ce mai haƙora 127, saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne, 127 kuma rabin 254 ce. Sai dai faɗinta a modul 1 milimita 129 ne, ba za ta samu wuri a bayan ƙaramin inji ba. Ka buga mai 63 ka haɗa ta da mai 80 da ke zuwa da injin. 80 raba 63 ya ba da 1.2698 maimakon 1.27, bambancin kusan milimita 0.013 a tsawon milimita 100. Babu notin da zai ji wannan. Amma ka kiyaye, muddin kana yanka milimita da sandar inci, kada ka saki rabin notin da ke kama sandar. Ka janye wuƙa, ka juya motar injin baya, ka wuce farkon tiredin da ɗan tazara domin wasan haƙora ya cinye, sannan ka sake shiga.

Mai Firinta:
Malam ya gama da lissafi, bari in kama wajen bugun, don a nan ake ɓata aiki.

Kafin komai ka tabbatar da kusurwar haƙori a zanen: na waɗannan injinan digiri 20 ne. Tsofaffin injinan Ingila da Amurka irin Myford da South Bend digiri 14.5 suke amfani da shi, kuma awonsu na inci ne. Wanda ya sauko da zanen irin waɗancan daga intanet zai ga giya kamar za ta shiga, amma sai ta riƙa cije tana kuka.

A kwance za ka buga ta, yadda layukan robar za su bi siffar haƙorin. Kaurin haƙori a tsakiyarsa milimita 1.57 ne kacal, wato layi huɗu na nozul 0.4, don haka ka sa bango biyar ko shida haƙorin ya zama tsantsar bango, cikin kuma a cike ɗari bisa ɗari. Tsayin kowane layi 0.12 zuwa 0.16, gudun bangon waje kada ya wuce milimita 30 a daƙiƙa. Layukan farko da ke manne da faranti sukan baje su fi sauran faɗi, kuma wannan ɗan leɓen shi ne yake fara cije giya. Ka yanke gefen ƙasa da ɗan gangare na 0.4 tun a zane. Wurin da nozul ke fara kowane layi yana barin ɗan ƙullutu. Ka tura shi cikin kwarin haƙora, kada ya faɗa kan fuskar da ke aiki.

Ramin kuma kada ka yarda da firinta. Ramukanta kullum a matse suke fitowa, kuma ba zagaye sosai ba. Ka zana 11.6, ka kama giyar ta bakin haƙoranta a cikin zoben da ka sassaƙa a kan injin, ka buɗe ramin zuwa 12. Ta haka ramin zai bi haƙora, kaucewar da Malam ya ambata ta ragu sosai.

Awo da kalifa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu: faɗin waje na mai 40 ya zama 42, na mai 63 ya zama 65. Wanda ya fi wannan muhimmanci, ka rungumi haƙora biyar na mai 40 da bakin kalifa, lissafi ya ce 13.85. Ka nemi 13.75 domin a samu ɗan wasa. Ka auna a wurare huɗu. In bambancinsu ya haura 0.1, bel ɗin firinta ya saki ko ɗaya daga ɓangarorinta biyu bai daidaita ba. Batun roba kuwa, ni PLA nake ba da shawara, ta fi tauri kuma ba ta cika tsukewa ba in ta huce.

Injiniyan Bompai:
Na yarda da duk abin da aka faɗa ban da PLA. Tana fara laushi ne a wajen digiri 60, kuma tun kafin nan takan saki a hankali idan tana ƙarƙashin matsi. A watan Afrilu zafin Kano yana kaiwa digiri 40 a inuwa, ga rufin kwano, ga giyoyin a rufe kusa da mota. Haƙora ba su ne ke fara mutuwa ba, gurbin ki ne: yana buɗewa kaɗan-kaɗan, notin da ya matse giyar ya saki, rana ɗaya ki ya yage robar ana tsakiyar tiredi. PETG tana jurewa har wajen digiri 80, kuma tana lanƙwasa kafin ta karye. Nailan ta fi su jure gogayya, amma tana shan danshi ta kumbura da damina, kuma in ba a busar da ita awanni a wajen digiri 70 kafin bugu ba, sai ta fito da kumfa.

Ko wacce ka zaɓa, ka sassaƙa bushin, wato ɗan zobe, na alminiyam mai gurbin ki, ka yi masa zane-zane a waje, ka danna shi cikin giyar da gam mai ƙarfi. Wajen ɗorawa ka saka tsinken takarda tsakanin haƙora, ka matse, ka ɗaure, ka zare takardar. Giris kaɗan ya isa, domin ɓarɓashin ƙarfe yana manne masa ya nutse cikin roba ya riƙa cin giyar da ke kusa.

Giyoyin cikin kan injin masu sauya gudu kuwa, kada ka buga su. Duk ƙarfin mota ta kansu yake bi, kuma canza su sai an zare sandar cok, wato abin da ke riƙe ƙarfen da ake sassaƙawa, da boris gaba ɗaya.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Allah ya saka da alheri, Malamai. Za a buga mai 40 da PETG a auna haƙora biyar ɗin tukuna. Oga Mai Firinta, in awon ya fito 13.95, a zane ake ragewa ko a saitin firinta?

Mai Firinta:
Ka fara da saiti. Ka buga ɗan akwati mai bango ɗaya ka auna kaurinsa. In ya fi abin da ka sa, robar ce ke fita da yawa, ka rage kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. In bangon daidai yake, ka janye gefen waje da 0.1 a manhajar yanka zanen, kowace fuska ta ragu, awon ya sauko 13.75. Kada ka ƙanƙantar da giyar gaba ɗaya, don tazarar haƙoranta za ta saɓa da ta sauran.