Kano zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi? Tikitin Hajiyarmu ya rikita ni

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah waɗanda suka taɓa zuwa Umra ku taimaka min. Hajiyarmu ce zata tafi, bata taɓa hawa jirgi ba, ga ciwon ƙafa ga suga. Na duba tikitin naga tashi daga Kano ƙarfe 11 na dare sauka Jidda 6 na safe, awa 7 kenan, amma a dawowa an sa tashi 2 na rana sauka 5 na yamma, awa 3 kacal. Hanya ɗaya ce fa, ya akai haka? Wallahi zaman awa 7 ɗin nan ne ke damuna, ko mota zuwa Zariya sai mun tsaya mata a hanya.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, duka biyun awa 5 ne. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, su kuma a tikiti kowane lokaci da agogon garin da ake ciki suke rubuta shi, to 6 na safen Jidda ɗin nan ƙarfe 4 ne na asuba a Kano. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdulaziz wajen kilomita 3,400 ne in aka miƙe, jirgi kuma yana cin kilomita 800 da wani abu a awa, ka ƙara lokacin tashi da na sauka zaka ga lissafin ya fito.

Tsohon Alhaji:
Gaskiya ne Malam, sai dai in ƙara abu ɗaya. Miƙaƙƙiyar hanyar ta saman Chadi da Sudan take bi sannan a tsallake Bahar Maliya, to a 2023 da yaƙin Sudan ya ɓarke aka rufe sararin samaniyarsu sai da jiragen alhazai suka riƙa zagaye, ni shekarar na sauke farali kuma mun ji zaman a jikinmu sosai. Sannan ka tabbatar kai tsaye ne, dan in ta Alƙahira ko Addis Ababa za'a bi jiran canjin jirgi kaɗai zai iya cinye wuni.

Maman Biyu:
Ɗana, zaman cikin jirgin ma mai sauƙi ne akan jiran filin jirgi, layin tantancewa da jiran kaya, ga kuma motar Makka sama da awa ɗaya. Ka sa ejan ɗinku ya nema mata keken guragu tun yanzu da kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa. Maganinta a jakar hannu, kar ya shiga babban akwati, ta riƙe dabino ko biskit. Kuma tunda Jidda zata sauka tayi wankanta tun a gida, niyyar harami a sama ake yi kafin a wuce miƙati.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, yanzu na gane. Na kira ejan ɗin yace kai tsaye ne. Mama maganin sugan fa, da agogon Kano zata ci gaba da sha ko na can?

Maman Biyu:
Wannan kam ka kai ta wajen likitanta kafin tafiya, ka tafi da tikitin ya gani.